Injin CNC na kan hanya, ni kuwa barci ya ƙaurace mini

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne, shekarata 19 a sana'ar. Na tattara ɗan abin da na tara, na haɗa da rance, na sayi injin sassaƙa katako mai aiki da kwamfuta, wato CNC, samfurin da ake kira 1325. Masu sayarwa sun ce nan da mako 6 zai iso. Tun ranar da na biya kuɗin barci ya ƙaurace mini. Ban taɓa riƙe irinsa ba, a bidiyo kawai nake gani, kwamfutar ma ban iya ta can can ba. Wani abin kuma, cikin ɗoki na yi wa wani mutum alkawarin ƙyauren kabad 40 masu zane, mako guda bayan saukar injin, har ya ba ni kafin alƙalami. Ga babban yarona na shago, shekararsa 7 a hannuna, ya daina walwala tun da ya ji labari, gani yake injin ya zo cin gurbinsa. Malam, me zan tanada, kuma ta ina zan fara?

Wani kafinta

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya kawo shi lafiya, ya sanya albarka a ciki, ya ba ka ikon sauke bashin cikin rufin asiri.

Rashin barcinka bai tayar mini da hankali ba. Mutumin da ya shekara 19 da tef a aljihu ya san abin da kuskuren milimita 2 ke jawowa, dole zuciyarsa ta ƙi kwanciya in zai karɓi abin da bai sani ba. Abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne ƙyauren nan 40. Gobe da safe, kafin ka buɗe shago, ka taka da ƙafarka wurin mutumin nan. Ka gaya masa gaskiya: injin sabo ne, kai ma sabo ne a kansa, kana roƙon ya ƙara maka wata guda a kan wa'adin. In ba zai iya jira ba, ka yi masa da hannu yadda ka saba, ko ka mayar masa da kuɗinsa. Na san da nauyi. Amma nauyin gobe ya fi sauƙi a kan na ranar da zai tsaya a bakin shagonka kana kare allunan da suka lalace da jikinka don kada ya gani. Ranar da masu sayarwa suka faɗa maka hasashe ce, kaya kan makara a hanya. Ko ya iso a kan lokaci, saukewa da daidaitawa da haɗa wuta za su ci kwanaki. Makonnin farko kuwa na karya haƙorin yanka na injin ne da ɓata allo, kowa ta nan ya bi. Mai wa'adi a wuya shi ke tsallake gwaji ya ɗora allon mai kaya a yankan farko, kuma a nan ake yin ɓarnar da ke sa mutum ya tsani injin da ya ci bashi ya saya.

In ka sauke wannan kayan daga kanka, mako 6 ɗin nan sun zama naka, kuma ba su yi yawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yau ɗin nan ka rubuta wa masu sayarwa su turo maka bayanin injin a rubuce, kada ka yarda da na baka a waya. Kana son tsawo da faɗi da tsayin akwatin da za a kawo shi a ciki, da nauyinsa. Kana son sanin irin wutar da yake sha. Ka tambayi ƙarfin motar da ke juya haƙorin yanka, wadda masu sana'ar ke kira sifindil, kilowat nawa ce, da ruwa take hucewa ko da iska, kuma wane lambar kolet take ɗauka, wato ɗan mariƙin da ke damƙe haƙori. Su faɗa maka sunan na'urar da ke sarrafa injin, kuma ko teburin mai zuƙo allo da iska ne, famfon nasa kilowat nawa. Duk abin da zan faɗa maka daga nan a jikin wannan takarda yake rataye.

Lambar nan 1325 tana nufin filin da haƙori ke iya yawo a kai: milimita 1300 a faɗi, 2500 a tsawo, don ya ɗauki cikakken allo mai 1220 da 2440. Jikin injin ya fi haka girma sosai, yakan kai mita 2 a faɗi, ya zarce 3 a tsawo, akwatinsa kuma ya fi shi. Na taɓa tsayawa a shagon wani abokina ranar da aka kawo nasa. Ya auna ƙofa da girman injin, ya manta da akwati da katakon da aka ɗora shi a kai. Motar ɗaga kaya ta kawo hanci bakin ƙofa, sai ga saman akwatin ya tokare da dogaran ƙofar, bambancin bai kai faɗin tafin hannu ba. A waje aka ɓalle akwatin, hadari na haɗuwa, ana ta lulluɓa leda a kan akwatin lantarki, mai motar yana duba agogo yana ƙorafi. Don haka ka ɗauki tef ka bi hanyar tun daga inda babbar mota za ta tsaya har inda injin zai zauna: faɗin ƙofa, tsayinta, tudun bakin ƙofa, kwanar da za a sha, ƙasar da tayoyi za su taka ko za ta nutse. Irin wannan inji yakan kai tan guda ko ya wuce. Ka nemi motar ɗaga kaya mai dogayen cokula, ka tabbatar da ita tun mako guda kafin ranar. Kada ka tara ƙarti su ciccibe shi, kuma kada kowa ya ɗaura igiya a jikin gadar da ke tafiya a saman tebur. Daga ƙasan firam ake ɗagawa. Gadar nan in ta ɗan murɗe, ba za ka gani da ido ba, amma duk abin da ka yanka zai faɗa maka.

Ka samu alli ka zana girman injin a daɓe. Ka bar aƙalla mita guda ta kowane gefe, saboda gyara da shara. Sannan kai da yaronka ku ɗauki cikakken allo ɗaya ku zo da shi daga inda kake jingine alluna zuwa kan zanen, kamar za ku ɗora. Nan take za ka ga bencin da ya kamata ya tashi da ginshiƙin da ba ka lissafa da shi ba. Daɓen ya zama kankare mai ƙarfi, wanda ba ya jin damshi, kuma ka duba rufin da ke saman wurin ko yana yoyo.

Maganar wuta ita ce ta fi kayar da mutane, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Akwai injinan 1325 masu aiki da layi ɗaya, bolt 220, akwai masu neman layi uku, bolt 380. In naka na layi uku ne, shagonka kuma layi ɗaya ke shigowa, gara ka sani yau, domin jawo layi uku ba aikin kwana biyu ba ne. Sannan kada ka yi lissafi da sifindil kaɗai. A ce tana da kilowat 5.5, famfon zuƙo allo 7.5, injin shan ƙura 3. Ka ga an kai 16 tun ba a zo kan motocin da ke tura gadar da kwamfuta ba. Ƙari a kan haka, mota irin ta famfo da ta shan ƙura, a daidai lokacin da take tashi, takan ja wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da take sha in ta kama gudu. Shi ya sa za ka ga janaretan da a takarda ya isa, amma da an kunna famfo sai ya durƙusa, injin ya ɗauke a tsakiyar yanka. Ka kawo ƙwararren mai aikin lantarki, ka miƙa masa takardar bayanin, shi zai fitar da kaurin waya da girman bireka. Injin da birekarsa, famfo da tasa, shan ƙura da tasa. Kada a jona shi a layi ɗaya da injin walda.

Ka matsa masa lamba a kan wayar ƙasa, a kafa ƙarfe na gaske a ƙasa a ɗaure jikin injin da shi. Na farko saboda ranka. Na biyu kuma, akwai akwatin inbata da ke sarrafa gudun sifindil, kuma yana watsa hayaniyar lantarki da ke shiga ƙananan wayoyin saƙo. In wayar ƙasa ba ta da kyau, sai ka ga injin ya tsaya haka kawai, ko ya kauce daga layi da milimita 3 a tsakiyar aiki, ka yi ta zargin kanka da masu sayarwa alhali laifin na nan binne a bayan shago. Wani abin da nake so ka riƙe: inbata tana ajiye wuta a cikinta bayan an kashe ta. A jikinta akwai gargaɗin mintocin da za a jira kafin a taɓa, yawanci 5 zuwa 10. Ka karanta wa yaranka shi da bakinka.

Ƙura kuma, ɗan'uwa, kada ka auna ta da wadda ka saba. Zarto na yanka ya tsaya, wannan kuwa sai ya yi awa 3 yana niƙa ba hutu. Ta MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, ta fi muni, laushinta kamar hoda, tana rataye a iska bayan an tashi aiki, ga sinadarin fomaldihaid da ke cikin gam ɗin da aka haɗa allon da shi. Tun 1995 hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan'adam, musamman ta cikin hanci. Ba na faɗa maka don in tsorata ka ba ne. Ina so injin shan ƙura ya riga CNC zama a shagon, kada ya shiga jerin abin da za a saya in an samu hali. Tiyo mai faɗin milimita 100, gajere iya yadda zai yiwu, ba yawan lanƙwasa, da buroshin da ke kewaye haƙori yana tare ƙurar. Ƙurar da ke gudu a cikin tiyon roba tana tara lantarki, don haka shi ma a haɗa shi da wayar ƙasa. Ka tanadi takunkumi na gaske mai tace ƙura, da tabarau, da abin toshe kunne ga duk wanda zai tsaya kusa. Ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum na shan ta awa 8 kullum, tana cin ji a hankali, yankan katako da wannan inji kuwa yakan wuce nan.

To, yanzu ga inda nake so ka kashe mafi yawan makonnin nan, wato gaban kwamfuta. Injin nan ba shi da wayo ko kaɗan. Biyayya gare shi, irin wadda ba ta tambaya. In ka ce ya nutsa cikin teburinsa, zai nutsa da dukkan ƙarfinsa. Duk wayon yana cikin abin da ka rubuta masa, kuma wannan ba ka buƙatar injin ya iso kafin ka koya.

Aikin hawa uku ne. Ka zana abin da kake so. Ka gaya wa manhaja wane haƙori zai bi wane layi, zurfin nawa, da wane gudu. Sai ta fitar maka da fayil ɗin umarni da ake kira G-code, wanda injin ke karantawa layi bayan layi. Ga mai aikin ƙyaure da kabad da allon suna, shawarata ka fara da VCarve ta kamfanin Vectric. Akwai ta gwaji kyauta, za ka yi zane, ka tsara yanka, ta nuna maka hoton yadda allon zai fita tun ba ka taɓa katako ba. Fusion 360 ta fi ta ƙarfi, amma hawanta da tsayi, ka bar ta sai gaba. Za ka ga masu bidiyo da yawa na aiki da ArtCAM. Kamfanin Autodesk ya daina fitar da ita tun 2018, ban ga dalilin da sabon shiga zai kafa sana'arsa a kanta ba. Awa guda kowane dare ta ishe ka. Kada ka fara da furanni da zane mai tudu da kwari. Ka zana ƙyauren kabad ɗaya, irin wanda ka yi sau dubu da hannu, mai murabba'i da layin ado guda a ciki, ka maimaita har hannunka ya daina neman maɓalli.

A ƙarshen tsarin akwai wani ɗan zaɓi da mutane ke wucewa da gudu: tafintan da ke juya aikinka zuwa harshen da na'urar injinka ke ji. Mach3 da nata, NC Studio da nata, na'urar hannu ta RichAuto da nata. Shi ya sa na ce ka tambayi sunan na'urar. Ka kuma tsaya a kan milimita ko'ina. A G-code, G21 na nufin milimita, G20 na nufin inci, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne. Ka ƙiyasta abin da zai faru in ka nufi milimita 10 injin ya ji inci 10.

Abu guda da ya fi karya haƙori a makon farko shi ne sifilin zurfi. Manhaja za ta tambaye ka: daga ina zan fara ƙirga zurfi, daga saman allo ko daga kan tebur? Duk wanda ka zaɓa daidai ne, muddin a kan injin ma shi ka saita. In ka ce mata saman allo, ka je ka saita a kan tebur, allon kuma mai kaurin 18 ne, to duk yankan zai ƙaru da milimita 18, haƙori ya ratsa allo ya shige tebur. Ka zaɓi ɗaya, ka rubuta da babban baƙi ka manna a jikin injin. Sauran abubuwa biyu da idonka na kafinta zai gane da wuri: haƙori zagayayye ne, ba zai taɓa ba ka kusurwar ciki mai kaifi ba, mai kaurin milimita 6 zai bar lanƙwasa ta 3, sai ka tsara haɗinka da sanin haka. Kuma allon da aka ce 18 ne ba kasafai yake cika 18 daidai ba. Ka sayi ma'aunin kauri mai lambobi ka riƙa auna kowane allo kafin ka yanke ramin da zai shiga.

A nan ne maganar yaronka ta shigo. Kada ka bar shi da zullumi har injin ya iso. Ka kira shi ku zauna ku biyu, ka ce masa tare za ku koya, kuma daga daren gobe kujerarsa na kusa da taka a gaban kwamfutar. Mai yiwuwa ya riga ka kama ta, kada hakan ya sosa maka rai, riba ce ta shigo shagonka. Kai kana da abin da ba ya cikin manhaja: kana kallon allo ka san ya sha damshi, ka san inda jijiyar katako za ta tsage, ka san haɗin da zai shekara 10 bai saki ba. Shi yana da saurin hannu a kan maɓalli. Injin yanka kawai ya iya. Ba ya ɗora allo, ba ya goge baki, ba ya haɗawa, ba ya fenti, ba ya zuwa gidan mutane kafa kabad, kuma in ya kama aiki sosai waɗannan ayyukan ƙaruwa suke yi. Ka gaya masa haka, amma kada ka yi masa alkawarin abin da ba ka da tabbas a kai. Ka nuna masa a aikace. Ko don kanka ma, shagon da mutum ɗaya tak ya iya injin, ranar da ya kwanta zazzaɓi aiki ya tsaya, bashi kuwa ba ya tsayawa.

Ranar saukewa, kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka zagaya akwatin ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe. In ka ga huda ko alamar ya faɗi, ka rubuta a takardar direba. Ka buɗe ka ƙirga kaya da jerin da aka turo maka. Za ka tarar da titunan ƙarfen da gadar ke bi an shafe su da man hana tsatsa mai danƙo, ka goge shi tas ka sa man da littafin injin ya ce. Ka nemi ƙarafan da aka ɗaure gadar da su don tafiya ka kwance. Mai lantarki ya bi notunan wayoyi a cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, girgizar hanya na sassauta su. Sai a daidaita ƙafafu da lebur, tsawo da faɗi, har kowace ƙafa ta ɗauki rabonta. Kafin kowa ya taɓa saitin na'ura ko na inbata, ka ɗauki hoton kowane shafi, ka kwafe fayil ɗin saitin a filashi biyu. In masu sayarwa sun turo wanda zai haɗa maka, kada ya tafi sai kai da yaronka kun yi aiki ɗaya daga kunnawa har kashewa, shi yana tsaye hannunsa a baya.

Farkon abin da za ka gwada in wuta ta shiga shi ne jan maɓallin tsayawar gaggawa, ba haƙori a jiki. Ka tura gadar a hankali ka danna, ka ga ta tsaya cak. In sifindil ɗinka mai ruwa ce, ka ga ruwan na dawowa cikin bokiti da idonka kafin ta juya, kuma ka sa a haɗa famfon ruwan yadda zai tashi tare da injin, don kada ya dogara da tunawar mutum. Bayan nan ka umarce shi ya yi tafiyar milimita 1000 ka auna da tef, ta tsawo da ta faɗi. Ka sa ya ja babban murabba'i marar zurfi, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, yadda kake yi wa firam ɗin ƙofa. In awon biyu bai zo ɗaya ba, gadar ta karkace, a gyara ta kafin a ci gaba. Sannan ka shimfiɗa allon MDF a kan tebur, wanda nake kira allon fansa domin shi ke karɓar sara a madadin teburin, ka sa faffaɗan haƙori ya share fuskarsa gaba ɗaya. Ka shafa da tafin hannu. In ka ji ƙananan matakala tsakanin layi da layi, sifindil ba ta tsaya a miƙe ba, sai an saita ta. In teburin mai zuƙo ne, a share fuskokin allon biyu don iska ta ratsa, a shafe gefunansa da fenti don kada ta zurare.

Aikin farko ka gudanar da shi a iska, haƙori na sama da allo da tazarar yatsu uku, kana kallon ko yana bin inda ka zata. Na biyu a kan farin soso mai tauri irin na cikin kwalin kaya. Na uku a guntun da ka riga ka yafe.

Tsoro zai ce maka ka rage gudun tafiya, kuma nan ne sabon shiga ke ƙona haƙori. Haƙorin da ke juyawa sau 18,000 a minti yana tafiyar hawainiya ba yanka yake ba, guga yake. Lissafin mai sauƙi ne: juyi a minti, sau yawan bakin haƙori, sau kaurin ɓarzar da kowane baki zai ɗebo. Haƙori mai baki 2, juyi 18,000, ɓarza 0.1, ya ba ka milimita 3,600 a minti. Da farko zai yi maka kama da hauka. In kana son sassauci, ka rage zurfi, ka fara da rabin kaurin haƙorin a kowane zagaye, ka bar gudun yadda yake. Bayan yanka a katako ko filawud, ka tsayar da injin ka damƙi abin da ya zubo. In ƙananan ɓarza ne masu ɗumi da kake iya gani ɗaya ɗaya, zafin ya fita tare da su, haƙorin na lafiya. In gari ne mai laushi, bakin yankan ya yi baƙi, kana jin ƙauri, to kana dafa haƙorinka ne. Kunnenka ma zai koya: yanka mai kyau na da gurnani madaidaici, marar kyau kuwa ihu yake. Ka sayi haƙora masu sauƙin kuɗi guda da yawa na koyo, ka ajiye masu tsada sai hannu ya faɗa. Kafin ka saya ka dubi lambar kolet: ER20 na riƙe har milimita 13, ER25 har 16, ER32 har 20. Ka fara danna kolet cikin notinsa har ya ce ƙas kafin ka zura haƙori, kuma ka busa ƙurar ciki duk lokacin da ka canja.

Allo ya kamu da kyau kafin ka danna farawa. Ƙaramin yanki in ya rabu da uwar allo yakan motsa, haƙori ya cafke shi ya wurga, don haka ka bar masa 'yan gadoji sirara da za ka yanke da hannu daga baya. In da sukuru ka kama allon, ka san inda kowanne yake a cikin zanenka. Ba safar hannu kusa da abin da ke juyawa, ba riga mai faɗin hannu.

Kuma kada a bar shi yana yanka ba kowa a wurin, ko na minti 5. Na ga allon fansa da aka ɗaga bayan irin wannan: haƙori ya dakushe ya tsaya yana guga a wuri ɗaya, garwashi ya kama a cikin garin, famfon zuƙo yana ja masa iska ta ƙasa kamar zugazugi. A sama ramin bai wuce kan ɗan yatsa ba, a ƙasa kuwa ya ci wuri kamar faɗin faranti, baƙi ƙirin. Mai shagon ya fita amsa waya ne kawai. Ka rataye tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai ba tare da an ratsa ta gaban injin ba, kuma kowa a shagon ya san in an ga hayaƙi, a danna jan maɓalli a kashe famfo da shan ƙura tukuna.

In ka yanka ƙyaure ɗaya a guntun MDF sau uku a jere, ukun suka hau kan juna ba bambanci, to ka ɗauki ɗaya ka kai wa mutumin nan ya gani ya amince da zanen, sannan ka ɗora allonsa na farko. Takardar bayanin kuma in ta iso, ka turo mini abin da aka rubuta a kan wuta da sunan na'urar, mu duba tare kafin mai lantarki ya sayi waya. Ka gaishe mini da yaron naka.